Igiya, Azara da Tsirkiya: Tarihin Ƙa'idar da Ake Jingina wa Fisagoras



Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya ratsa makarantar sakandare ba a taɓa zana masa alwatika a allo ba, aka ba shi tsawon gefe biyu, aka ce ya nemo na uku. Yawancinmu mun haddace hanyar, muka shiga jarrabawa da ita, muka bar ta can. Abin da ya saura a zukatanmu shi ne sunan wani mutumin ƙasar Girka da Turawa ke rubutawa Pythagoras, wanda za mu riƙa kira Fisagoras kusa da yadda Larabawa ke faɗa, tare da zaton cewa shi ne ya ƙago ƙa'idar. Daga wannan zato kuwa sai wani ya biyo baya, wanda ya fi shi illa, watau wai lissafi kayan Turawa ne, ba ya zaunawa sai cikin harshensu.

Manufar wannan lacca ita ce mu bi sawun ƙa'idar daga inda aka fara ganinta a rubuce. Za mu ga cewa ta girmi mutumin da ake jingina masa ita da fiye da shekara dubu, kuma a gona da wurin gini ta tashi. Za mu kuma ga cewa kowace al'ummar da ta riƙe ta, da kayan aikin hannunta ta raɗa wa sassanta suna. Wannan batu na ƙarshe shi ya ba malamin harshe hurumin tsoma baki cikin sha'anin masu lissafi.

Ita kanta ƙa'idar

Alwatikar da muke magana a kanta ita ce mai tsayayyar kusurwa, watau irin kusurwar da bango mai kyau ke yi da daɓen ɗaki, mai digiri 90. Gefe biyu ne ke haɗuwa su yi wannan kusurwa, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. Na ukun, wanda ya fi su tsawo, shi ke fuskantar kusurwar a karkace, kamar tsanin da aka jingina da bango. Ƙa'idar ta ce, in aka ninka na kwancen da kansa, aka ninka na tsayen da kansa, aka tara, abin da aka samu daidai yake da dogon gefen in an ninka shi da kansa. Alal misali, 3 sau 3 tara ne, 4 sau 4 sha shida ne, jimla 25, watau 5 sau 5. Idan dogon gefen ake nema, sai a tara. Idan kuwa ɗaya daga gajerun ne ya ɓata, sai a ɗebe. A ƙarshe a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da abin da aka samu. Iyakarta ke nan.

Allunan laka na Babila

Shaida mafi daɗewa ta fito ne daga ƙasar da a yau ake kira Iraƙi, tsakanin kogin Dijla da na Furatu. Mutanen Babila na tsakanin shekarar 1900 da 1600 kafin Miladiyya suna rubutu da tsinke a kan ɗanyar laka, in ta bushe ta zama allo, kuma dubban irin waɗannan alluna sun tsira har yau. Ƙidayarsu a kan sittin take tafiya, kuma daga gare su muka gaji minti 60 a awa guda.

A cikin wani allo da ke ajiye a babban gidan tarihi na Landan, mai lamba BM 85196, akwai wata tambaya da malami ya shirya wa ɗalibansa. Azara ce mai tsawon 30 a ma'auninsu, tana tsaye jikin bango. Kanta ya zame ƙasa da 6. Ina nisan da gindinta ya yi daga bangon? Marubucin ya ɗebe 6 daga 30, saura 24. Ya ninka 30 da kansa ya sami 900, ya ninka 24 da kansa ya sami 576, ya ɗebe wannan daga wancan, saura 324, ya ce amsa 18 ce. Jama'a, wannan ita ce tambayar da ake yi wa 'ya'yanmu a aji a yau, kuma hanyar warwarewar ba ta sake ba ko da taku ɗaya.

Wani ɗan ƙaramin allo da bai cika tafin hannu ba, wanda ke Jami'ar Yale a Amurka, mai lamba YBC 7289, yana ɗauke da zanen murabba'i da layuka biyu da suka ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa. A kan layin an rubuta lambar da in aka juya ta zuwa ƙidayarmu za ta ba da 1.41421296. Lambar gaskiya, watau wadda in an ninka ta da kanta za ta ba da 2, tana farawa da 1.41421356. Ashe sun dace har gida biyar bayan ɗigo, ba tare da wata na'ura ba.

Wanda ya fi su suna shi ne allon da ake kira Plimpton 322, a Jami'ar Kolombiya ta birnin New York. Daga garin Larsa ya fito, an rubuta shi wajen shekarar 1800 kafin Miladiyya, kuma Otto Neugebauer da Abraham Sachs ne suka bayyana abin da ya ƙunsa a 1945. Layi goma sha biyar ne na lambobi, kowane layi yana ba da gajeren gefe da dogon gefe na alwatikar da duk gefenta uku cikakkun lambobi ne. Layin farko ya ba da 119 da 169, waɗanda abokin tafiyarsu 120 ne. Layi na huɗu ya ba da 12,709 da 18,541, na ukunsu 13,500. Duk mai hankali ya san ba a tsintar irin waɗannan lambobi da lalube. Lalle akwai hanyar da suke bi. Masana sun yi saɓani a kan amfanin allon. Eleanor Robson tana ganin littafin malami ne na shirya wa ɗalibai aiki, wasu kuwa suna ganin jadawali ne na masu awo.

A 2021 Daniel Mansfield na ƙasar Ostireliya ya yi bayanin wani allo daga garin Sippar, mai lamba Si.427, da ke gidan tarihi na Istambul. Taswirar gona ce da aka sayar da wani yanki nata, kuma safiyon da ya zana ta ya yi amfani da lambobi irin su 5, 12, 13 da 8, 15, 17 don kusurwoyin iyaka su fita daidai. Dalilin a fili yake: inda ƙasa ta zama dukiyar da ake saye da sayarwa, rikicin iyaka ba ya ƙarewa, sai da awon da kowane ɓangare zai yarda da shi.

Masar da masu jan igiya

Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ce a Masar ilmin awon ƙasa ya fara, domin kowace shekara ambaliyar Nilu takan shafe iyakokin gonaki, sai an sake awo kafin a yanka haraji. Girkawa suna kiran masu awon Masar da suna mai ma'anar masu ɗaura igiya. Sau da yawa akan ji cewa da igiya mai ƙulli goma sha biyu, wadda ake ja ta ba da 3, 4, 5, aka gina dalar Masar. Ya kamata ɗalibai su sani cewa wannan hasashe ne na wani Bajamushe masanin tarihin lissafi, Moritz Cantor, a ƙarni na 19, aka yi ta maimaita shi har ya zama kamar nassi. Abin da yake a rubuce shi ne wata takarda da ke Balin, mai lamba 6619, inda aka raba murabba'i mai faɗin fili 100 zuwa biyu, ɗaya mai gefe 6, ɗaya mai gefe 8. Sai kuma wata takarda ta wajen ƙarni na 3 kafin Miladiyya da ke Alƙahira, mai tambayoyin sanda jingine da bango, irin na Babila sak.

Indiya da Sin

A Indiya buƙatar addini ce ta kawo maganar. Masu bautar zamanin suna gina matattarar wutar hadaya da tubali, kuma wajibi ne siffarta da faɗinta su fita daidai, in ba haka ba a wurinsu ibadar ta ɓaci. Littattafan da suka tsara wannan aiki ana kiransu Sulba Sutra, kalmar sulba kuwa igiya take nufi. Mafi daɗewa cikinsu shi ne na Baudhayana, wanda masana ke sanyawa tsakanin shekarar 800 da 500 kafin Miladiyya. A cikinsa an faɗi ƙa'idar gaba ɗaya, cewa igiyar da aka ja a karkace cikin fili mai kusurwa huɗu tana ba da abin da tsawo da faɗi suke bayarwa in an haɗa su, sa'an nan aka jero misalai: 3 da 4, 12 da 5, 15 da 8, 7 da 24, 12 da 35, 15 da 36.

A ƙasar Sin, littafin Zhoubi Suanjing na zamanin daular Han ya kawo ƙa'idar wajen auna inuwar sanda domin sanin tafiyar rana. Wani littafin, wanda ake kira Babi Tara na Fasahar Lissafi, ya ware babinsa na ƙarshe kacokan ga wannan batu, da tambayoyi 24, kuma Liu Hui ya yi masa sharhi a shekarar 263 Miladiyya. Ga ɗaya daga ciki. Tafki ne mai faɗin ƙafa 10, wani kara ya tsiro a tsakiyarsa, ya ɗara ruwa da ƙafa ɗaya. Da aka jawo kansa zuwa gaɓa sai ya zo daidai da fuskar ruwa. Ina zurfin ruwan? Daga tsakiya zuwa gaɓa ƙafa 5 ne, zurfin ruwa 12, tsawon karan 13. A nan gefe ɗaya tak aka bayar, da bambancin sauran biyun, amma duk da haka suka san yadda za su fitar da amsa.

Mutanen Sin ba su tsaya ga misalai ba. A ƙarni na 3 Zhao Shuang ya kawo zane mai nuna dalilin ƙa'idar. A ɗauki alwatika huɗu masu 3, 4, 5, a jera su cikin murabba'i mai gefe 5, dogon gefen kowace yana kwance jikin gefen murabba'in. Kowace alwatika filinta 6 ne, huɗun sun ci 24, sai wani ɗan murabba'i mai gefe 1 ya rage a tsakiya, jimla 25. Wannan jeri yana yiwuwa ga kowace alwatika mai tsayayyar kusurwa, ko da wane irin tsawo gare ta. Sunayen da suka ba gefen uku su ne gou, da gu, da xian. Ina roƙon a riƙe na ƙarshen, domin ma'anarsa igiyar baka.

To, ina Fisagoras?

An haifi Fisagoras a tsibirin Samos wajen shekarar 570 kafin Miladiyya, ya ƙaura zuwa Kuroton a kudancin Italiya, inda ya kafa wata jama'a mai kama da ɗariƙa, masu ganin cewa lamba ce asalin komai. Bai bar rubutu ko shafi ɗaya ba. Waɗanda suka jingina masa ƙa'idar, irin su Vitruvius da Plutarch da Proclus, sun zo ne ɗaruruwan shekaru bayansa. Shi Proclus ma a ƙarni na 5 Miladiyya ya rayu, kusan shekara dubu tsakaninsu. Labarin da suke bayarwa shi ne wai ya yanka sa don murnar ganowa, amma tun zamanin Rumawa Cicero ya yi shakkar labarin, ganin cewa an san mutumin da ƙyamar zubar da jinin dabba.

Kada wannan ya sa mu tauye wa Girkawa haƙƙinsu, domin abin da suka ƙara babba ne. Wajen shekarar 300 kafin Miladiyya, a birnin Iskandariyya, Uƙlidis ya tsara littafinsa mai juzu'i 13, wanda Larabawa ke kira Usul. Ya fara da 'yan maganganu kaɗan da kowa zai yarda da su, ya riƙa ɗora hujja bisa hujja, har a mas'ala ta 47 ta juzu'in farko ya tabbatar da ƙa'idarmu ga kowace alwatika mai tsayayyar kusurwa. A mas'ala ta 48 ya juyo da ita: in gefe uku suka cika wannan sharaɗi, to kusurwar tsayayya ce, babu makawa. Magini a kan ta 48 yake aiki, ko bai taɓa jin sunan Uƙlidis ba.

Neman hujja kuma shi ya kai su ga wani abin da ya girgiza su. Murabba'i mai gefe 1, layin da ya ratsa shi ba ya auno da cikakkiyar lamba, ba ya kuma auno da kowane irin kaso na cikakkun lambobi. Mutanen Babila sun kusanci lambar ƙwarai, Girkawa kuwa suka tabbatar da cewa har abada ba za a rubuta ta ta ƙare ba. Aristotle ya yi nuni ga hujjar, cewa wanda ya ce tana aunuwa, tilas ya yarda lamba guda ta zama mara da cika a lokaci ɗaya.

Hannun malaman Musulunci

Da ƙarfin Girka da Rum ya ja baya, a Bagadaza littafin Uƙlidis ya sami masauki. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya fassara shi zuwa Larabci a zamanin Halifa Haruna Rashid, ya sake gyara shi a zamanin Ma'amun. Is'haƙu ɗan Hunainu ya yi wata fassarar, wadda Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya tace. Shi Sabitu ya kawo tasa hujjar ta yanka da jerawa, ya kuma faɗaɗa ƙa'idar ta game kowace irin alwatika. Alkhawarizmi, a littafinsa na aljabara na wajen shekarar 820, ya ɗauki alwatika mai gefe 13, 14, 15, ya tsaga ta gida biyu masu tsayayyar kusurwa, ya fitar da tsayinta 12 da filinta 84. Littafin kuwa ya ce don masu rabon gado da awon ƙasa da haƙar magudanan ruwa ya rubuta shi. Larabawa suka yi wa zanen mas'ala ta 47 laƙabi da siffar amarya, dogon gefen kuma suka kira shi watar, watau igiyar baka, kamar dai mutanen Sin.

Abul Wafa Albuzjani, wanda ya rayu daga 940 zuwa 998, ya rubuta littafi musamman a kan abin da masu sana'a ke buƙata na ilmin awo. A ciki ya ba da labarin zaman da ya halarta tsakanin masu sana'a da masana, a kan yadda za a haɗa murabba'i uku su zama ɗaya. Hanyar masu sana'a tana da sauƙi amma da ɗan kuskuren da ido ba ya gani. Hanyar masana daidai take amma ba ta yankuwa a katako. Sai ya kawo ta uku wadda ta gamsar da kowa. Daga baya Jamshid Alkashi na Samarƙandi, a littafinsa Miftahul Hisab na 1427, ya tsara hanyar nemo gefe na uku a alwatikar da ba ta da tsayayyar kusurwa. Makarantun da ke bin tsarin Faransa da sunansa suke kiran wannan ƙa'ida.

Daga Larabci ne Adelard, mutumin Bath ta Ingila, ya juya Uƙlidis zuwa Latin a ƙarni na 12, aka fara buga littafin da injin ɗab'i a birnin Banis a 1482. Tun daga nan ba a daina kawo sababbin hujjoji ba. James Garfield ya buga tasa a 1876, kafin ya zama shugaban Amurka a 1881. Elisha Loomis ya tara guda 370 a bugun littafinsa na 1940. A 2023 ma wasu 'yan mata biyu 'yan sakandare a birnin New Orleans suka gabatar da wata a taron masana lissafi na Amurka.

Abin da ya shafe mu

In muka waiwaya, za mu ga ƙa'idar ta shiga harshen Babila, da na Indiya, da na Sin, da Girkanci, da Larabci, da Latin, kafin ta iso Ingilishi, kuma ba ta rasa kome ba a hanya. Kalmar da ke ba ɗalibanmu tsoro a aji, wadda Turawa suka aro daga Girkanci don dogon gefen, ma'anarta kawai abin da aka miƙe a ƙarƙashi, kamar igiya. Ba wanda ya jira sai ya koyi harshen wani kafin ya yi awo. A ƙasar nan ma an jarraba, domin shirin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da 'yan firamare lissafi da Yarabanci.

Bahaushe yana da kalmar da mutanen Sin da Larabawa suka zaɓa, ita ce tsirkiya. Shawarata ga masu rubuta littattafan makaranta ita ce a kira gefen kwance gindi, na tsaye tsayi, dogon kuwa tsirkiya. Sai ƙa'idar ta zama: gindi sau gindi, a tara da tsayi sau tsayi, shi ne tsirkiya sau tsirkiya. Yaron da ya ji haka, ya kuma ga magini ya auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗaya, yana gyara turaku har tsakaninsu ya cika 5, zai gane cewa abin da ke allo da abin da ke wurin gini abu guda ne.

Ga ma'aikatan ƙasa da safiyo da na ayyuka kuwa, ga abin da za a tafi da shi gida. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, in aka ninka kowanne da kansa aka tara, za a sami 12,500, tsirkiyarsa ke nan ƙafa 111 da kusan inci 10. A ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyun. In duka suka ba da wannan tsawo, fulotin ya zauna daidai. In suka saɓa, to wani ya shiga haƙƙin maƙwabcinsa, ko da gangan ko da kuskure. Safiyon Sippar wannan rikici yake gudu shekara kusan dubu huɗu da suka wuce, kuma maganin da ya yi amfani da shi yana nan a hannunmu.